Yawon Buɗe Ido Daga Zangon Kumasi: Tambayoyi da Amsoshi

Mu mutanen zango ba a koya mana tafiya. Kakanninmu da jakuna suka zo ƙasar nan neman goro, mu kuma yau muna Kumasi, gobe Techiman, jibi Akra. Sai dai tafiyar tamu ta neman abinci ce. Mutum zai shekara talatin yana wucewa ta ƙofar Manhyia, fadar sarkin Asante, a tasi, bai taɓa leƙawa ciki ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda iyaye, malaman makaranta da samari suka fi yi mini duk lokacin da aka tashi shirya fita da yara ko da baƙi.

Malam, rana ɗaya kawai muke da ita, kuma ba ma son barin gari. Ina za mu fara?

Ku fara da gidan tarihi na fadar Manhyia, da sassafe kafin rana ta yi zafi. Daga Aboabo ko Asawase ma ba nisa. Benen nan Turawan Ingila suka gina shi a 1925 domin Sarki Prempeh na ɗaya, wanda suka kama a 1896, suka kai shi Elmina, suka wuce da shi Saliyo, daga bisani tsibirin Seychelles, bai dawo gida ba sai 1924. Asantawa suka ce sarkinsu ba zai zauna a gidan kyauta ba, sai da suka biya kuɗin ginin kafin ya tare. A 1995 aka mayar da shi gidan tarihi. Akwai kujeru, teburin rubutu, kayan sarauta da mutum-mutumin sarakunan da suka zauna a ciki, wasu har yara kan tsorata su zaci masu rai ne. Tun 2024 kuma akwai kayan zinariya da aka kwashe daga Kumasi a yaƙin 1874 da bayansa, waɗanda aka dawo da su daga Amurka da Ingila. Na Ingilan aro aka ce an bayar. A ba mai kaya aron kayansa, wannan sai Bature.

Daga nan ku gangara Adum, gidan tarihin soja da ke cikin tsohuwar ganuwar Turawa. In akwai sauran ƙarfi, ku ƙarasa cibiyar al'adu, inda ƙaramin gidan tarihin Prempeh na biyu yake, sannan ku leƙa harabar asibitin Komfo Anokye ku ga takobin da ake cewa bokan da asibitin ya ci sunansa ya kafe a ƙasa, aka kasa cirewa.

Wai gaskiya ne akwai tarihin Hausawa a ganuwar Adum?

Akwai, sai dai ba mai daɗin ji ba ne gaba ɗaya. An gama ginin a 1897. A 1900 gwamna Hodgson ya zo Kumasi ya nemi a kawo masa kujerar zinariya ya zauna, kujerar da ko sarkin Asante ba ya zama a kanta. Wannan magana ita ta tayar da yaƙin Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu. Aka tsare Hodgson da mutanensa a cikin ganuwar, yunwa da cuta suka yi musu ɓarna, ya samu ya sulale a watan Yuni, ɗauki bai iso ba sai Yuli. Sojojin da ke riƙe da bindiga a kan katangar, Hausawa ake kiransu, domin rundunar 'yan sandan Gwalkwas, wato Gana a zamanin Turawa, ta lokacin da sunan Hausa take tafiya. Ba dukansu ne 'yan Kano ko Katsina ba, akwai mutanen arewa iri-iri, wasu bayi ne da suka gudu suka shiga soja, Hausa ce ta haɗa su. Amma dai namu ne, kuma ɓangaren Bature suke.

Ina son a gaya wa yara wannan ba tare da ɓoye-ɓoye ba, a kuma gaya musu ɗaya gefen. Tun kafin Bature ya ci Kumasi, malamai suna zaune a garin. Bowdich da ya zo a 1817 da Dupuis da ya zo a 1820 duk sun tarar da Musulmi a kusa da Sarki Osei Bonsu, suna rubuta masa wasiƙu, suna yi masa layu. Idan kuka ga rigar yaƙin Asantawa da aka lulluɓe da layu na fata, ku sani alƙalamin malami ne a ciki. Har yau akwai tarin takardun Larabci na Kumasin wancan zamani a ɗakin karatun masarautar Denmak da ke Kopenhagen. Ita kuwa Yaa Asantewaa, Seychelles aka kai ta, can ta rasu a 1921.

Wace rana ake ganin Otumfuo?

Ranar Akwasidae, Lahadi ce da ke zagayowa duk mako shida. Otumfuo Osei Tutu na biyu, sarkin Asante, wanda ya hau a 1999, yakan fito ya zauna a karɓi gaisuwa in yana gari. A tambayi ranar tun da wuri, a je da kaya masu mutunci, a zauna inda aka nuna.

Ina mafi kyan gani a karkara kusa da Kumasi?

Tafkin Bosomtwe, ba gardama. Kimanin kilomita 30 ne kudu maso gabas. Ana bi ta Kuntanase a gangara ƙauyen Abono, kuma gangaren shi ne rabin daɗin tafiyar: mota tana kwana-kwana cikin gonakin koko da ayaba, can sai ka hango ruwan a ƙasa, zagaye, tsaunuka sun yi masa ƙawanya. Masana sun ce wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sararin samaniya sama da shekara miliyan ɗaya da ta wuce, ya haƙa ramin, ruwan sama ya cika shi. Faɗinsa kusan kilomita 8, zurfinsa ya doshi mita 80, kuma babu kogin da ke fita daga cikinsa. Mutanen wurin nasu labarin daban ne, na wani maharbi da ya biyo dabbar da ya harba ta shige ruwan.

Ku tsaya ku kalli masunta. A al'ada ba su shiga da kwalekwale. Wani faffaɗan katako suke hawa, padua sunansa, mutum ya zauna a kai ƙafafu cikin ruwa, ya riƙe ɗan faranti ko ɓarin ƙwarya a kowane hannu yana tuƙi, raga a gabansa. Kana ganinsa kamar zai kife, shi kuwa ko a jikinsa, har ya jefa raga ya ja. Da yamma mata suna soya ƙananan karfasa a bakin ruwa, a ci da dokunu da barkono. Yanzu akwai jirage masu inji da ke zagayawa da baƙi. Kada kowa ya shiga ba rigar ruwa, kada kuma a bari a cika jirgi ya wuce ƙima don a rage kuɗi. Ranakun hutu kamar Ista wurin cika yake da kiɗa da shaye-shaye, mai iyali ya zaɓi tsakiyar mako.

In yara ƙanana ne, dajin Bobiri da ke kusa da Kubease a hanyar Akra ya fi sauƙi. Wurin malam-buɗe-littafi ne, ana lissafa kusan iri 400, ga manyan itatuwa da inuwa.

Hajiya ta ce ita kayan hannu take son gani, ba daji ba.

To Hajiya, taki ta zo da sauƙi, duk a hanya ɗaya suke ko kusa da juna. Ahwiaa masassaƙa, Ntonso masu buga zanen adinkra a kan yadi, duka a hanyar Mampong, sai Bonwire masaƙan kente ta wajen Ejisu. A Bonwire za ki ga saƙar siririya ce irin wadda masaƙanmu na da suke yi, a saƙa dogayen layuka sannan a ɗinke su gefe da gefe, kowane zane da sunansa. A ƙarshen 2024 hukumar UNESCO ta sa kente cikin jerin al'adun duniya.

Ni Ntonso na fi so. A bayan gida za ki tarar da ganguna a kan murhu, ana dafa ɓawon wani itace da ake kira badie, a jiƙa, a daka a turmi, a tafasa har ya koma baƙi mai kauri yana ƙyalli. Hatimin kuwa da ɓarin ƙwarya ake sassaƙa shi, a kafa masa 'yan tsinke a baya a ɗaure su zama mariƙi. Mai bugu ya shimfiɗa yadi a kan katako, ya ja layi da wani abu mai haƙora kamar matsefi, ya tsoma hatimi, ya yarfe, ya danna yana ɗan murzawa. Za su ba ki ki gwada a kan ɗan ƙyalle ki tafi da shi. Ki taya kaya yadda kika saba a Kejetia, amma ki bambance saƙar hannu da bugun inji, kuɗinsu ba ɗaya ba ne.

An ce akwai tsofaffin gidajen Asantawa a Besease, amma gidan tsafi ne. Ya halatta mu shiga?

Fatawa ta malamai ce, kowa ya tambayi nasa. Abin da zan iya faɗa shi ne abin da ke wurin. Gidaje ne kimanin goma da suka rage a ƙauyukan kewayen Kumasi, UNESCO ta sa su a jerinta tun 1980, kuma na Besease kusa da Ejisu ya fi sauƙin zuwa. Darajarsu ita ce irin wannan gini ne ya cika tsohuwar Kumasi kafin sojojin Ingila na Wolseley su ƙone ta a 1874. Ɗakuna huɗu ne suka kewaye tsakar gida, na makaɗa, na mawaƙa, na masu girki, sai ɗakin tsafin kansa wanda yake a rufe. Bangon ƙasa ne da itace, ƙasansa jan yumɓu mai sheƙi da zane-zane masu tudu, samansa fari, rufin ciyawa mai tsini. Duk wanda ya san zanen bangon gidajen Zariya zai tsaya ya daɗe yana kallo.

Ra'ayina, mai zuwa kallon gini ya biya kuɗin shiga, ya tsaya a tsakar gida, ya kalla, ya fita. In aka ce a sayi giya don zubawa a ƙasa, a ce a'a cikin ladabi, ba wanda zai tilasta. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya jira a mota. Abin da ba na so shi ne a shiga gidan mutane ana tofar da yawu ana yi musu dariya. Maƙwabtanmu ne, a ƙasarsu aka ba kakanninmu wurin sauka.

Kullum ana maganar gidajen marubutan wasu. Mu Hausawan Gana ba mu da namu?

Muna da su, alluna ne ba mu kafa musu ba. Babbansu Alhaji Umaru na Kete Krachi. An haife shi a Kano wajen 1858, asalin gidansu Kabi, ya yi karatu a ƙasar Sakkwato, ya biyo hanyar fatake zuwa Salaga. Da yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa garin, ya koma Kete Krachi ya zama limami, ya karantar har ya rasu a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausar ajami, a kan zuwan Nasara, a kan talauci da wadata, a kan rushewar Salaga. Ya rubuta wa wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich dogayen bayanai da Hausa game da sana'o'i, kasuwanci da tarihin ƙasar Hausa, har yau masu bincike da su suke aiki. Almajiransa sun bazu a zangunan ƙasar nan, ba mamaki silsilar karatun malaminku ta bi ta wurinsa. Ku tambaye shi ku ji.

Mai son zuwa Kete Krachi ya sani tsohon garin da Alhaji Umaru ya zauna ruwa ya cinye shi bayan an gama madatsar Akosombo a 1965, garin yanzu sabon mazauni ne. Ba gida za ka tarar da tikiti a ƙofa ba. Ka sauka wurin limami ko sarkin zango, ka yi gaisuwa, ka faɗi abin da ya kawo ka, dattawa su ba ka abin da suke da shi.

Ga wani kuma a nan cikin gari. Filin shaƙatawa na Rattray da aka buɗe a 2015, inda samarinmu ke zuwa ɗaukar hoto ranar Sallah, sunan Kyaftin Rattray ne, jami'in Ingila da ya yi rubuce-rubuce a kan Asantawa. Shi ɗin ne a 1913 ya buga tarin tatsuniyoyi da labaran Hausa, kuma ba shi ya rubuta su ba. Wani Malam Shaihu ne ya rubuta masa da ajami a nan Gwalkwas, aka buga da rubutun hannun malamin. Bature ya samu fili da sunansa, Malam Shaihu ko lungu bai samu ba.

To Salaga fa? Ta cancanci wahalar hanya?

Ga ɗan zango, ƙwarai. Ita ce kasuwar ƙasar Gwanja da ayarin Kano ke shafe watanni kafin ya iso, a kawo kanwa, tufafi da fatu, a koma da goro. A wannan kasuwar kuma aka sayar da bayi masu yawa, kada a tsallake wannan in ana ba yara labari. Akwai tsofaffin rijiyoyi birjik a bayan gari, da filin kasuwar bayin. Bayan 1874 da ƙarfin Asante ya karye, ciniki ya fara komawa Kintampo, Atebubu da Kete Krachi, yaƙin 1892 ya ƙarasa ta.

In kuna da lokaci ku bi tsohuwar hanya: Mampong, inda mota ke hawa dutse ka waiwaya ka ga daji shimfiɗe, sai Ejura ƙasar doya da masara, Atebubu, Yeji, a tsallaka tafkin Volta a jirgin fito zuwa Makango. A hanyar za ku ga yadda kurmi ke sirancewa har ya koma fili mai kaɗanya da kuka irin na gida. Jirgin fiton yana da lokacinsa, a tambaya kafin a tashi, kuma a shirya kwana. Wanda ba ya son ruwa ya zagaya ta Tamale. In an kai can, masallacin Larabanga na ƙasa, wanda mutanen garin ke cewa tun 1421 yake, da gandun dajin Mole mai giwaye, suna kusa da juna ta wajen Damongo.

Idan muka je Akra, ban da bakin teku da kasuwa, me za mu nuna wa ɗalibai?

Kwana biyu ya isa a ga masu muhimmanci. Gidan W.E.B. Du Bois a Cantonments: marubuci baƙar fatan Amurka ne da Nkrumah ya gayyato a 1961 don ya jagoranci rubuta kundin ilmin Afirka, ya rasu ranar 27 ga Agusta 1963 yana da shekara 95, kabarinsa da littattafansa suna nan. A bincika ko a buɗe yake kafin a je. Sai makwancin Nkrumah, a filin da ya yi shelar 'yancin kai a 1957, wanda aka gyara aka sake buɗewa a 2023. Matarsa Fathia, 'yar Masar, tana kwance kusa da shi. Akwai ɗakin karatu mai sunan George Padmore, ɗan Trinidad mai ba Nkrumah shawara.

Amma ga ɗaliban Islamiyya, ni Legon zan fara kai su. Cibiyar nazarin Afirka ta jami'ar tana da kwafin ɗaruruwan rubuce-rubucen Larabci da ajami da aka tattaro daga hannun malamai a shekarun 1960, zamanin Thomas Hodgkin da Ivor Wilks, har da na Alhaji Umaru. A rubuta takarda a nemi izini tun kafin ranar. Yaron da ya ga Hausa da warash a cikin jami'a ba zai ƙara raina allonsa ba. A yi Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, a ratsa Sabon Zango, unguwar da Malam Bako ya kafa a farkon ƙarnin da ya wuce.

Rana ta biyu a hau dutsen Akuapem ta Madina. Lambun Aburi tun 1890 yake, ga iska mai sanyi da jerin dogayen itatuwa a bakin shiga. Gaba kaɗan Mampong ta Akuapem, gonar da Tetteh Quarshie ya shuka kokon da ya kawo daga Fernando Po a 1879. Sai Akropong, inda Christaller na mishan ɗin Basel ya yi aikin rubuta harshen Twi, har ya tara karin maganarsu 3,600.

Wane lokaci ne ya fi?

Daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta ruwa yana ɗan tsagaitawa, ƙasa kore shar, ya kuma dace da hutun makaranta. Nuwamba ma da kyau. Da hunturu hanya a bushe take amma hazo yana rufe tsaunuka, magangarun ruwa kuma sun ƙafe ko sun ragu. Ga masu zuwa magangarar Kintampo: in hadari ya haɗu a fito daga ƙarƙashin itatuwa nan take. A 2017 iska ta kayar da itace a wurin, mutane da dama suka rasu, yawancinsu ɗalibai.

Nawa za mu tanada?

Kuɗin shiga yana canzawa, don haka a buga waya a tambaya. Ɗan ƙasa yana biyan ƙasa da baƙo, ɗalibi ƙasa da babba, saboda haka a riƙe katin Gana, makaranta kuma ta zo da takarda. Ɗan'uwan da ya zo daga Najeriya ko Nijar kuɗin baƙo zai biya, kada a koya masa ƙarya a bakin ƙofa. Mota ita ke cin kuɗi. In kun kai goma sha biyar, shatar toroto ta fi arha, a yi ciniki da direba a kan duk inda za a tsaya da lokacin dawowa, kada a bar komai a "sai mun je". A riƙe tsabar kuɗi ƙanana, ba ko'ina MoMo, wato biyan kuɗi ta waya, ke aiki ba. A ware abin da za a ba mai rakiya, yawancinsu da shi suke ci.

Salla da abinci fa, Malam?

Buta, tabarma da galan na ruwa su shiga mota kafin mutane. Kusan duk garin da ke kan babbar hanya yana da zango, Ejisu, Ejura, Atebubu, Kintampo, ku tambayi masallaci za a nuna muku, a nan kuma za ku samu wakye ko tuwon zafi hankali kwance. A ƙauyukan kurmi miyar gidan abinci takan zo da naman daji ko abin da ba ku san yankansa ba, sai a tsaya ga kifi, ko a tafi da dafaffen abinci daga gida. In tafiyar ta kai ta ƙasaru, malamin da ke cikinku ya faɗa tun a tasha, don kada a tsaya musu a bakin hanya rana tana faɗuwa.